2.3 Yadda Hayaƙin Motoci Da Na Jiragen Sama Ke Gurɓata Ƙasa A Tudun Wadar Zariya

Idan ana maganar hayaƙin ababen hawa, akasarin mutane iskar da ake shaƙa suke tunawa. To amma hayaƙi ba iska ba ce zalla. Yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi waɗanda ido ba ya iya gani, kuma da yake suna da nauyi, komai daɗewarsu a sama sai sun sauko ƙasa. Iska takan washe bayan 'yan sa'o'i, ita kuwa ƙasa riƙe abin da ya zuba mata take yi har tsawon shekaru masu yawa. A kan wannan ne za a yi bayani a wannan sashe.

Mafi haɗari daga cikin abubuwan da hayaƙin mota ya zuba wa ƙasar birane shi ne dalma. A shekarar 1921 ne wani masani ɗan Amurka mai suna Thomas Midgley, wanda ke aiki da kamfanin General Motors, ya gano cewa idan aka zuba wani sinadari mai dalma a cikin fetur, inji yakan daina ƙwanƙwasa. Aka fara sayar da irin wannan fetur a 1923, daga nan ya watsu ko'ina a duniya har da Nijeriya. Ita dalma ba ta ƙonewa. Mafi yawanta takan fito ta salansa tare da hayaƙi, ta sauka a gefen hanya. A taron da aka yi a Dakar a 2001, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka amince su daina amfani da wannan fetur kafin ƙarshen 2005, kuma Nijeriya ta daina. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta bari, a 2021.

Sai dai daina zuba dalma a fetur bai kwashe wadda ta riga ta sauka ba. Dalilin kuwa shi ne, dalma ba ta ruɓewa kamar ganye ko kashin dabbobi. Maƙalewa take yi a jikin laka da ruɓaɓɓen taki da ke saman ƙasa, ta yadda ruwan sama ba ya iya nutsar da ita can ciki sai kaɗan. Saboda haka mafi yawanta tana nan a 'yan santimitocin farko na sama, wato daidai wurin da yara ke wasa, kaji ke tono, mata ke shara. Haka kuma yawanta ya fi tsanani a bakin titi, yana raguwa yayin da ake nisa da shi.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga Tudun Wada saboda matsayin da take. Unguwa ce da ke tsakanin Birnin Zazzau da Sabon Gari, don haka mai fitowa daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari ko Samaru galibi ta nan yake ratsawa. Ga kasuwa, ga tsohon asibitin koyarwa, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. A irin waɗannan wurare ababen hawa ba gudu suke yi ba. Tsayawa suke yi suna tashi, inji na aiki ana jiran fasinja, wanda hakan ke sa hayaƙi ya taru wuri guda. Gidaje da shaguna kuwa sun matso daf da kwalta, babu wani fili a tsakani.

Motocin yau ma ba a ce sun daina gurɓata ƙasa ba. Taya tana cinyewa ta bar tutiya a kan hanya, birki yana goguwa ya zubar da garin jan ƙarfe, manyan motoci masu shan gas suna fitar da baƙin toka mai ɗauke da sinadaran da wasunsu ke haddasa ciwon daji. Ga kuma baƙin mai da ake tsiyayarwa a ƙasa a garejin kanikawa.

Ta fuskar jiragen sama kuwa, Zariya ta bambanta da sauran garuruwa. Manyan jiragen fasinja wani nau'in kananzir suke sha wanda babu dalma a cikinsa. Ƙananan jirage masu injin fistin su ne ke amfani da fetur na musamman wanda har yanzu ake zuba wa dalma, kimanin rabin giram a kowace lita. Kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da aka kafa a Zariya a 1964 ta daɗe tana koyarwa da irin waɗannan jirage, kafin daga baya ta shigo da samfurin Diamond masu shan kananzir. Shi jirgin koyo ba ya yin nisa: tashi yake yi ya zagaya ya sauka, ya sake tashi, kuma a lokacin gwada inji da lokacin tashi ne ya fi ƙona mai. A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yanke hukunci a 2023 cewa dalmar da ƙananan jirage ke fitarwa barazana ce ga lafiyar jama'a.

Duk da haka, bai kamata a ɗora wa jirage laifin da ya fi ƙarfinsu ba. Filin jirgin yana arewa maso yamma da Tudun Wada ne, alhali iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Ke nan unguwannin da ke maƙwabtaka da filin sun fi kusa da wannan matsala. A Tudun Wada, rabon motoci da babura shi ne babba.

Abin da ya rage shi ne hanyar da gubar ke bi ta shiga jikin mutum. Da rani, iska da tayoyin motoci sukan tayar da ƙurar gefen hanya ta sauka a kan tsire, ƙosai da garin da aka baza a faranti. Ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari, domin suna kai hannu baki, kuma hanjinsu ya fi na manya tsotse dalma, wadda ke dakushe ƙwaƙwalwa. Annobar da ta auku a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, daga dutsen zinariya ta samo asali ba daga mota ba, amma ta ƙurar tsakar gida ce gubar ta shiga jikinsu. Da damina kuwa, ruwa yakan wanke kwalta ya bi magudanai zuwa rafin Kubanni, inda masu lambu ke noman latas, alayyafo da kabeji a gaɓarsa idan rani ya yi. Wanke ganye da kyau yana kawar da ƙurar da ta sauka a kansa, amma ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta janyo daga ƙasa.