Tiyatar Sassauta wa Laka da Jijiyoyi: Amfaninta da Iyakarta

Gabatarwa

Ciwon baya da na wuya suna cikin larurorin da suka fi kai mutane asibiti. Idan ciwo ya wuce wata 3, likitoci kan lasafta shi a matsayin mai daɗewa, a lokacin ne kuma majiyyaci kan fara jin maganar a yi masa aiki. Wannan maƙala za ta yi bayanin aikin da ake yi don sassauta wa laka da jijiyoyi, tare da nuna wanda aikin yake amfana da wanda ba ya amfana.

Tsarin Ƙashin Baya

Ƙashin baya jeri ne na gaɓoɓi 33: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari yake, 5 a ƙugu, sauran 9 kuwa sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifai na guringuntsi wanda ke zama kamar matashi. Ta tsakiyar wannan jeri akwai kafa wadda laka ke bi daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu. Lakar kan tsaya ne a saman ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa sai damin jijiyoyi da likitoci ke kira wutsiyar doki.

Matsala kan taso idan wani abu ya danne laka ko jijiya. Faifai na iya tsagewa ya bulluƙo, ko tsufa ya sa kafar ta tsuke, ko ƙari ya fito, ko kuma tarin fuka ya ci ƙashin, kamar yadda akan gani a ƙasashenmu.

Tarihin Aikin

A shekarar 1887 Victor Horsley ya cire ƙari daga jikin lakar wani majiyyaci a Landan. A 1934 William Mixter da Joseph Barr na birnin Boston a Amurka suka tabbatar cewa faifan da ya tsage yana haddasa ciwon da ke sauka a ƙafa, kuma cire shi na kawo sauƙi. A 1977 Yasargil da Caspar, kowa da kansa, suka bayyana yadda ake wannan aiki da madubin likita ta ƙaramar tsaga.

Yadda Ake Yin Sa

Manufar aikin ita ce a buɗa wa jijiya hanya. Wani lokaci akan cire ɓangaren faifan da ya bulluƙo, wani lokaci a cire murfin ƙashin da ke bayan laka, ko a faɗaɗa ƙofar da jijiya ke fita. A wuya sau da yawa ta gaba ake shiga, a cire faifai, sannan a haɗe gaɓoɓin biyu. Kafin a yi aiki akan ɗauki hoton MRI don a ga inda matsin yake.

Amfani da Iyaka

Abin lura shi ne, aikin ya fi maganin ciwon da ke sauka a ƙafa ko hannu, da sagewa, da rashin ƙarfi. Ciwon da ya tsaya a baya kawai, ba tare da an danne jijiya ba, ba kasafai aiki ke raba mutum da shi ba. Bugu da ƙari, mutane da yawa da ba su jin ciwon komai hoto kan nuna faifansu ya bulluƙo, saboda haka hoto kaɗai bai isa hujja ba. Mafi yawan masu tsagaggen faifai kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki. Aikin kuma yana da haɗari: zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, yagewar rigar laka, ko dawowar ciwon.

Sai dai akwai alamomin da ba a jinkiri da su. Idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba ba da sanin mutum ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ƙara raunana, to mai yiwuwa an danne wutsiyar doki ne, kuma akan so a yi aiki cikin gaggawa. Haka nan mai ciwon wuya da ya fara kasa ɓalle maɓalli ko yana tangaɗi a tafiya. Zaman jiran tausa ko ɗori a irin wannan hali na iya jawo shanyewar jiki ta har abada.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Majiyyacin da aka ce za a yi wa aiki ya kamata ya tambayi likita wace jijiya ce aka danne, da kuma wane ciwo ne ake sa ran aikin zai kawar. Wanda ya ga alamomin gaggawa kuwa, ya nufi babban asibiti a ranar.