Noman Lik a Lambunan Jos: Kuɗin Yana Cikin Farin Kara

Wanda ya shiga kasuwar Farin Gada a Jos da sassafe, tsakanin tulin kabeji da karas da latas, zai ga wani ganye a ɗaure dami-dami, kamar albasa mai lawashi da ta ci ta ƙoshi. Ganyensa faɗi gare shi irin na tafarnuwa, ba bututu ba kamar lawashi, kuma ba ya yin kai. A ƙasansa akwai farin kara mai kauri. Sunansa lik, Faransawa kuma su ce fwaro. Ɗan'uwan albasa ne, amma bai yi halinta ba, kamar yadda ita ma ba ta yi halin ruwa ba. Albasa sama-sama ake dasa ta domin kai ya sami wurin buɗewa. Shi kuwa binne shi ake yi, domin duk inda rana ta taɓa kore yake zama, mai saye kuma farin yake biya.

Ba banza ya zauna a Jos ba. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, lik kuma ɗan sanyi ne. Haƙar kuza da Turawa suka yi tun farkon ƙarni na 20 ta bar kududdufai masu riƙe ruwa har rani. Su da rafin Dilimi ne ke shayar da lambunan da Hausawa 'yan noman rani suka daɗe suna nomawa, galibi a filin haya.

Aikin daga iri yake farawa. Lik ba ya saurin yin fure a ƙasa mai zafi, don haka yawancin irin daga waje yake zuwa cikin gwangwani ko 'yar leda, kamar Carentan na Faransa. Irin baƙi ne ƙarami kamar na albasa, giram ɗaya ya kan haura ƙwaya 300, kuma ba ya jure doguwar ajiya. Shi ya sa gogaggen mai lambu yake duba kwanan watan da ke jikin gwangwani kafin ya taya. A fangalin reno za a yi kaftu da fartanya, a farfasa hoge, a bi da manjagara har ƙasa ta yi laushi kamar gari. Sai a ja layi da yatsa, zurfin santimita ɗaya, a yafa iri, a rufe da busasshiyar ciyawa har ya tsiro. Nan ba a kawo tiyon inji, domin ƙarfin ruwansa zai kwashe irin ya tara gefe guda. Butar ban ruwa mai rariya a baki ita ce ta aikin. Bayan mako takwas zuwa goma, in tsiron ya doshi kaurin fensir, dashe ya yi.

Kafin nan an gyara babban fangali da ruɓaɓɓen takin shanu ko kashin kaji. Manoman Jos sun shahara da amfani da tokar juji, wadda ke rage tsamin ƙasarsu, sai dai tana zuwa da fasassun kwalabe da leda, dole a tsince su ko a sha yanka.

Ranar dashe, kayan aikin da ya fi kowanne daraja ba na saye ba ne. Sanda ce mai tsini, sau da yawa karyayyar ƙotar fartanya da aka feƙe, aka yi mata shaida a santimita 15. Za a jiƙa fangali tun ana gobe dashe don kada ramin ya rufta. A ja igiya, a caka sanda har shaidar, a ɗan murza, a zare. Tsakanin rami da rami santimita 15, tsakanin layi da layi 30. Wasu kan rage saiwa da kan ganye da wuƙa kafin su jefa tsiro ɗaya a kowane rami. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne, ba a mayar da ƙasa, ba a dannawa. Ruwa kawai ake tsiyayawa ya cika ramin, shi zai janyo 'yar ƙasar da za ta rufe saiwa, sauran wurin kuma a bar wa kara ya yi ƙiba.

Wanda ƙasarsa ke da rairayi sosai, ramin sanda ba ya tsaya masa. Shi sai ya ja kwari da garma, ya jera tsiron a ciki, ya riƙa cike kwarin kaɗan-kaɗan yayin da suke girma. Ko wace hanya aka bi, sai an yi ta turo ƙasa gindi sau biyu ko uku da 'yar ƙaramar fartanya, domin babba tana yanke saiwa. Ana yin haka ne in ƙasa ta sha iska, kuma ba a wuce inda ganye ya rabu. In aka wuce, yashi zai shige tsakanin ganye, mai girki ta ji garas-garas a miya, ba za ta sake neman kayanka ba.

Wata uku zuwa huɗu bayan dashe ake cira. Ba a fizga da hannu, karyewa yake yi. Da cokalin haƙa mai yatsu ake ɗago shi ta gefe, ko a sassauta ƙasa da fartanya. A ɓare ganyen waje, a datse saiwa, a wanke, a ɗaure manya daban, ƙanana daban. Fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita goma, layi uku, ya kan ɗauki kusan 200.

A lissafi, bayan kuɗin iri da hayar fili da taki da ladan 'yan ƙodago, abin da ya fi cin aljihu shi ne ban ruwa. Lik ba ya son ƙishi, kuma ya kan kwashe kusan wata shida daga reno zuwa cira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk tayar da inji sai mai lambu ya yi tunani. Ga wasu ƙananan ƙwari masu tsotse ganye su bar shi fari-fari, ga ruɓewar gindi in ruwa ya kwanta.

Kasuwarsa ma ƙarama ce. Otal-otal da manyan kantuna da gidajen abinci na Abuja da Legas su ne masu ɗauka, kuma ta hannun dillali ake isa gare su. In ya yi yawa a kasuwa, ba mai talla da zai kwashe ragowar kamar tumatir, ba a kuma zuba shi a rumbu kamar albasa. Amma yana da kirki guda: in farashi ya faɗi, zai iya zama a ƙasa makonni yana jira, abin da latas ba ya yi. Shi ya sa mai dabara ba ya cika lambu da shi. Ya kan ware masa fangali kaɗan, latas da alayyafo su riƙa kawo kuɗin cefane kafin ya nuna.

Mai sha'awar gwadawa ya fara da fangali ɗaya a lokacin sanyi, ya feƙe sandarsa, kuma ya san wanda zai saya tun kafin ya buɗe gwangwanin iri.