Daga Bagudo Zuwa Tafkin Kainji: Abin Kallo A Bakin Kwara

A ƙasashen Turai akwai wasu manyan duwatsu da ake kira Alps. Ƙanƙara ce take rufe kawunansu. Idan zafi ya zo sai ta narke, ruwan ya gangaro cikin tafkunan da ke gindin duwatsun. Tafkin Janeba da ke tsakanin Suwizalan da Faransa yana cikinsu, haka ma Tafkin Komo na ƙasar Italiya. Kowace shekara mutane sukan shiga mota, su kashe kuɗi mai yawa, su yi ta zagaya tafkunan nan. Ba fatauci ya kai su ba, ba kuma biki ba. Kallo kawai. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido.

Mutumin Bagudo ba shi da dutsen ƙanƙara. Amma yana da Kogin Kwara a ƙofar gida. Kogin nan ne ya cika Tafkin Kainji, tafki mafi girma da ɗan Adam ya yi da hannunsa a Nijeriya. Abin mamaki, akwai dattawa da yawa da suka tsufa a bakin kogin, amma ba su taɓa ganin tafkin ba.

Inda kogin ya shigo

Kwara ta taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Ta ratsa Mali da Nijar, ta bi iyakar Nijar da Binin, sannan ta shigo Nijeriya ta wajen Lolo, a Ƙaramar Hukumar Bagudo. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 4,180. Wanda ya tsaya a Lolo yana kusa da ƙasashe uku ke nan. Ba nisa daga nan akwai Illo, tsohon gari da fataken goro suka riƙa yada zango a cikinsa a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja. Mai son leƙa Binin ta Tsamiya zuwa Segbana sai ya riƙe takardunsa, ya kuma bi ta wurin ma'aikatan kan iyaka. Hanyar bayan gida ba ta ɗan kallo ba ce.

Akwai wani abu da yakan ɗaure wa baƙo kai. Kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko da damina ce, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan yakan zo da laka, ya yi fari-fari, domin ruwan saman yankin nan ne. Cika ta biyu kuwa da hunturu take zuwa, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. To, daga ina? Ruwan daminar Gini ne. Idan ya iso Mali sai ya bazu cikin wata makekiyar fadama, ya yi watanni yana tafiya a hankali. Lakar duk ta kwanta a can. Sai wajen Disamba zuwa Fabrairu yake isowa nan a tace, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da tafiyar kallo. Hanya ta bushe, zafi ya yi sauƙi, ruwa kuma yana nan.

Hanyar tafki

Daga Bagudo matafiyi zai fita zuwa Koko. A nan zai hau babbar hanyar da ta taso daga Jega ta nufi Yawuri da Kwantagora. A Yelwan Yawuri kogin yake fara buɗewa. Daga nan ya yi kudu sai ruwa iyakar ganin ido, ga jiragen masunta, ga tsibirai. Mafi girmansu shi ne Foge. Gungawa da Sarkawa sun daɗe suna rayuwa a wannan ruwa, kuma Yawuri ta yi suna da wasan jirage da ake kira Rigata.

Da can babu tafkin. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, don samar da wutar lantarki. Ruwan da aka tare ya koma baya har kimanin kilomita 135. Ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya mutu a 1806, yanzu yana ƙarƙashin ruwa. Don haka aka gina Sabuwar Busa a Jihar Neja. Mai kallo ya tuna cewa abin da ya ba shi sha'awa, gidan kakan wani ne.

A yi hattara

Ba gidaje kaɗai ruwan ya rufe ba, har da itatuwa. Kututturansu suna nan a ƙasa, kuma sukan fasa jirgi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da 150 zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Mutane da yawa suka rasu, ciki har da mata da yara. An ɗora wa jirgin abin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka kada mutum ya ji kunyar sauka idan ya ga jirgi ya cika. Ya nemi rigar ruwa ya sa, ko da ya iya iyo. Kada ya shiga jirgi da dare, hukuma ma ta hana. Batun gandun dajin Kainji kuwa, a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sha fakewa a cikinsa. Kafin a kama kowace hanya a tambayi direbobin tasha da mai gari, a fita da hantsi, a kuma sauka masauki kafin magariba.