Dalilin da ya sa tuntuɓe kaɗan ke kayar da dattijo

Idan matashi ya yi tuntuɓe a bakin kasuwa, ko santsi ya kwashe shi a banɗaki, sau da yawa yakan yi taga-taga ya tsaya da ƙafafunsa, ya ci gaba da harkarsa. Irin wannan tuntuɓe ne yakan kai dattijo ƙasa, wani lokaci har da karayar ƙugu da ke kwantar da mutum watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu.

Tsayuwar mutum ta dogara ne da labarin da ƙwaƙwalwa ke samu daga wurare uku: idanu, da wani sashe can cikin kunne mai auna karkatar kai, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu sanar da inda jiki yake. Da zarar ƙafa ta zame, saƙo yakan bi ta laka da ƙwaƙwalwa ya dawo ga tsokoki cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, tun kafin mutum ya ankara da abin da ya faru.

A shekarar 1986 wasu masana biyu a Amurka, Fay Horak da Lewis Nashner, sun tsayar da mutane a kan wani dandamali da ake fizgewa ba zato, suna auna aikin tsokokinsu. Sun nuna cewa jiki yakan gyara tsayuwa ta idon sawu, inda tsokokin ƙasa ke fara aiki sannan na cinya da na gadon baya su biyo. Idan wurin takawa ya yi ƙunci, sai ya koma lanƙwasa ƙugu. Idan kuma fizgar ta fi ƙarfin waɗannan, babu mafita sai a jefa ƙafa da sauri a yi sabon taku.

Tsufa yana taɓa kowane mataki na wannan aiki. Saƙon jijiyoyi yakan ɗan yi jinkiri, kuma ko da jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, jiki ya riga ya ƙara karkata. Tsoka kanta tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma bayan an haura 30, raguwar kuma tana ƙaruwa bayan 60. Zaruruwan tsoka masu saurin ɗaukar aiki su ne suka fi saurin lalacewa, alhali su ake buƙata a lokacin zamewa. Saboda haka dattijon da ke iya tafiya mai nisa zuwa masallaci yana iya kasa ɗaga ƙafa cikin hanzarin da zai tsirar da shi.

Akwai kuma sandarewa. Tsofaffi sukan ɗaure tsokokin gaba da na bayan ƙafa a lokaci guda, musamman idan suna tsoron faɗuwa, sai gaɓa ta ƙage ta kasa lanƙwasa. Takunsu na ceto yakan zama gajere, su yi biyu ko uku a inda matashi ke yin ɗaya. Karkata ta gefe ta fi haɗari, domin ƙafafu suna iya harɗewa, kuma faɗuwa a kan gefe ce ta fi karya ƙugu. Ciwon suga da ke kashe jin tafin ƙafa, da yanar ido, da magungunan barci, da wasu magungunan hawan jini masu sa jiri idan an miƙe da sauri, duk suna ƙara tsananta lamarin.

Tsoka dai tana karɓar horo ko a shekara 80. Wani nazari na cibiyar Cochrane a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 100, ya gano cewa motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi atisayen ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya kusa da bango, da ɗaga dugadugai, ba sa buƙatar kuɗi.

Hana iyaye kowane irin motsi da sunan tausayi yana ƙara musu rauni ne. Abin da ya fi amfani shi ne a gyara haske a zaure da hanyar banɗaki, a shimfiɗa abin da ke hana santsi a kan tayil da wurin alwala, a sauya silifas da suka side, a kuma kai dattijon da ya faɗi ko da sau ɗaya ne wurin likita, a duba idanunsa da ƙafafunsa da magungunan da yake sha.