Matar da ta ba mazari rayuwarta

Yau hirarmu a kan mazari take. Ba mazarin kaɗin auduga ba, a'a, wannan ƙwaron mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin kududdufi da damina. Dukanmu mun san shi, amma wace ce a cikinmu ta taɓa tsayawa ta dube shi da kyau?

To, akwai wata baiwar Allah da ta tsaya ta duba. Sunanta Cynthia Longfield. An haife ta a Landan a shekarar 1896, gidansu na gado kuwa yana ƙasar Ailan. Ba ta taɓa zuwa jami'a ba, a gida aka koyar da ita. Tun tana ƙarama take bin ƙwari da tsirrai da kallo, mahaifiyarta kuma ba ta kwaɓe ta ba, ƙarfafa mata gwiwa ta yi.

A 1924 ta bi ayarin masu bincike a jirgin ruwa zuwa tsibiran tekun Pasifik. Da ta dawo sai ta kama aiki a babban gidan adana halittu na Landan, aikin sa kai, babu albashi, tana tantance nau'o'in mazari. Kusan shekara 30 tana wannan aiki. A 1927 ta shiga dajin Burazil ta dawo da nau'i 38, uku daga ciki masana ba su san da su ba. A 1934 ta zo Afirka, ta zaga Kenya da Yuganda da wasu ƙasashe. A 1937 ta fitar da littafi a kan mazarin ƙasarsu, wanda ya zama abin dogaro ga masu nazari, har aka riƙa yi mata laƙabi da Uwargida Mazari. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma ta shiga aikin kashe gobara, tana cikin waɗanda suka ceci gidan adana halittun nan daga wuta a 1941. Ta rasu a 1991, tana da shekara 94.

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan ƙwaro? Ai mazari ba ƙwaron banza ba ne. A ruwa yake yin ƙwai, 'ya'yansa su yi watanni a cikin ruwan suna cin ƙananan halittu, har da tsutsar sauro. In ya yi fukafukai kuma, ya kama sauron a sama. Kun ga ashe mai taya mu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ne, ba ya harbi, ba shi da dafi.

Abin da nake so mu riƙe, 'yan uwa, shi ne wannan: ilimin matar nan daga kallo da tambaya ya faro, kuma uwa ce ta ba shi taki. Yau in 'yarki ta tsuguna a tsakar gida tana kallon tururuwa, ko ta dame ki da "Inna, me ya sa?", kada ki ce mata ta cika surutu. In kin sani ki faɗa mata. In ba ki sani ba, ki ce ta tambayo malaminta, ta dawo ta gaya miki. Da haka ke ma kin ƙaru.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.