Karatun binciken magunguna: Ƙofar da ta kamata 'ya'yanmu su ƙwanƙwasa

Duk ƙwayar maganin da likita ya rubuta maka, kafin ta iso hannunka sai da aka gwada ta a jikin wasu mutane. Wani ne ya zauna ya yi musu bayani, wani ya auna su, wani ya rubuta abin da ya gani, wani kuma ya yi lissafin ko maganin ya yi amfani ko ya cutar. Wannan aiki shi ne binciken magunguna da hanyoyin jinya a kan marasa lafiya, kuma fanni ne da ake karanta shi bayan digiri na farko. Idan kai ma'aikacin lafiya ne a Abuja, ko kana da ɗa ko 'ya da ta gama bautar ƙasa tana zaune a gida, yana da kyau ku san da shi.

Darasin Kano

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta kashe yaran. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma tabon bai tsaya nan ba, domin yana cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003.

Yau akwai dokoki. Kwamitin Kula da Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wato NHREC, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta ba shi ƙarfi. Hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magani. Sai dai doka a takarda take. Mai kare uwar da ba ta jin Turanci shi ne ma'aikacin da zai zauna kusa da ita ya gaya mata da Hausa cewa wannan gwaji ne, ga amfaninsa, ga haɗarinsa, kuma idan ta ƙi ba za a hana ɗanta magani ba. Irin wannan ma'aikaci muke buƙata daga cikinmu.

Me ake koya?

Za a koya maka yadda ake tsara bincike: yadda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin kada son rai ya shiga, da yadda ake kwatanta sabon magani da wanda aka saba da shi. Za ka san matakai huɗu na gwaji, daga mutane 'yan kaɗan da ake duba ko maganin na da illa, zuwa dubbai, har zuwa sa ido bayan ya shiga kasuwa. Akwai ƙididdiga, da adana bayanai a kwamfuta, da ƙa'idar neman yardar majinyaci. Gaskiya ɗaya ce: wanda yake gudun lissafi zai sha wuya a zangon farko.

Ba likitoci kaɗai ake nema ba. Ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu harhaɗa magunguna, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da waɗanda suka karanta ƙididdiga ko kimiyyar halittu, kowa na da gurbinsa.

Amfanin da aka gani a gida

A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000. An gano cewa shimfiɗa wata leda mai awo da ke nuna yawan jinin da ya zuba, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, kuma ungozomomi ne suka yi aikin a ɗakunan haihuwa.

A nan Abuja ma, Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu ta samar da Niprisan domin masu ciwon sikila, daga tsirrai da suka haɗa da masoro da kanumfari. Abin da ya bambanta shi da jiƙon gida shi ne an gwada shi bisa ƙa'ida an rubuta sakamako.

Ina za ka nufa?

Yawanci ana shiga fannin ne ta digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, ko ilimin yaɗuwar cututtuka, ko harhaɗa magunguna. Mai aiki na iya duba Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke da hedikwata a Jabi, inda ake karatu ba tare da barin aiki ba. Akwai Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta na Gwagwalada, wadda ke da cibiyar binciken sikila. Akwai shirin NFELTP na shekara biyu da aka fara a 2008, wanda yawancinsa aikin fili ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan ke ba da digirinsa. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan tana da digiri na biyu a gwajin magunguna ta intanet, sai dai kuɗinta da fam ake biya.

Wuraren neman gogewa kuwa sun haɗa da Cibiyar IHVN da aka kafa a 2004, da Hukumar NCDC, da Asibitin Ƙasa.

Kafin ka biya ko sisi

Na farko, tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin. Tallace-tallacen digirin wata shida sun cika Facebook, kuma da yawa takarda ce kawai.

Na biyu, gwada ruwan kafin ka faɗa. Shafin The Global Health Network na Jami'ar Oxford yana da gajeren kwas kyauta a kan ƙa'idojin gwajin magunguna, har da shaida. Idan ka ji daɗinsa, ci gaba.

Na uku, tambayi wanda zai duba aikin bincikenka da kuma asibitin da za ka tattara bayanai. Darussa ba su cika tsayar da ɗalibi ba, kundin ƙarshe ne ke mayar da karatun shekara biyu ya zama huɗu.

Na huɗu, idan ma'aikacin gwamnati ne kai, nemi izini a rubuce kafin ka fara. Mai babbar difloma ko ƙaramin sakamako kuma ya sani yawanci sai ya bi ta diflomar gaba da digiri.

Maganar gida

Kada a ɓoye maka, yawancin ayyukan bincike na kwantiragi ne, suna tafiya da tallafin ƙasashen waje, idan tallafin ya tsaya aikin na iya tsayawa. Don haka kada ka ajiye aikinka tun ba ka ga ƙasa ba. Ku zauna da iyali ku lissafa kuɗin makaranta, da na data, da daren da za a raba tsakanin aiki da littafi.

Maigida, idan matarka ma'aikaciyar jinya ce tana son wannan karatu, ka tuna cewa mace mai naƙuda ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Ɗaukar yara daga makaranta na shekara biyu ba zai rage ka da komai ba. Wata rana za a sake kawo sabon magani unguwarku, kuma za ka so a ce mai riƙe da takardar neman yarda naka ne.