Bizar Aikin Jami'a a Ƙasar Waje: Ba a Sayen Ta a Hannun Dillali

Da wuya ka samu matashin da ya gama Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ko ɗan Bakura ko Maradun da ya ɗauko digiri daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo gida zaman jiran aiki, wanda irin saƙon nan bai taɓa faɗo masa a WhatsApp ba: wai wata jami'a a Amurka tana neman ma'aikata, gurbi ya kusa ƙarewa, a tura kuɗin fom kafin Juma'a. Takardar da ke biye da saƙon kan zo da tambari mai kyau da sa hannun wani farfesa. Amma ka duba adireshin da aka ce a aika amsa, sai ka tarar Gmail ne. Adireshin jami'ar Amurka da .edu yake ƙarewa, na Birtaniya kuma da .ac.uk. Wannan kaɗai ya isa mutum ya mayar da hannunsa aljihu.

Bizar da ake magana a kai akwai ta, sunanta H-1B. Ta wucin gadi ce, ana bai wa ƙwararru ita shekara 3 da farko, a iya sabuntawa har zuwa 6. Kamfanoni na rububin gurbi 85,000 ne kacal a shekara, amma doka ta cire jami'o'i daga wannan ƙayyadewa, suna iya nema wa ma'aikacinsu a kowane wata. Abin da 'yan damfara ba sa son ka sani shi ne, ba kai ne mai nema ba. Jami'ar ce. Sai ta tallata gurbin a shafinta, ka nema, an yi maka tambayoyi, an ɗauke ka, sannan ofishinta mai kula da baƙi ya samo amincewar ma'aikatar ƙwadago kan albashin da za a biya ka, ya shigar da fom I-129 a hukumar shige da fice ta USCIS. In an amince, za a aiko maka da takarda mai suna I-797, ɗauke da lamba mai haruffa 3 da alƙaluma 10, wadda kai da kanka za ka iya bincikawa a shafin hukumar da wayarka. Sai a nan naka aikin ke farawa: cike fom DS-160, biyan kuɗin biza, da zuwa ganawa a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas. A duk tsawon wannan hanya babu inda aka ajiye kujerar dillali.

Ga kuma wani sauyi da aka yi. A watan Satumbar 2025 Shugaba Donald Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar buƙatar H-1B ga wanda yake wajen Amurka, kuma mai ɗaukar aiki ne zai biya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: wace jami'a ce za ta zuba wannan kuɗi a kan mutumin da ba ta taɓa jin muryarsa ba, don kawai ya tura wa wani naira dubu ɗari biyar ta POS? Dokokin nan suna juyawa kusan kowane lokaci, don haka shafin ofishin jakadanci ne wurin dubawa, ba bakin majalisa ba.

Sai batun takardun karatu, wanda ya fi shafar mu a nan. Bizar tana buƙatar aƙalla digirin farko ko makamancinsa a fannin aikin. Mai HND ba a karɓar tasa kai tsaye, sai masu tantance takardu sun auna ta. Aikin koyarwa da bincike kuwa, galibi digirin digirgir ake nema, tare da rubuce-rubucen da aka buga a mujallun ilimi. A ganina nan ne ya kamata malamanmu na Jami'ar Jihar Zamfara su sa ƙarfinsu. Noman rani a Bakalori, ko gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, batutuwa ne da masanan duniya ke son jin bayani a kansu daga bakin ɗan ƙasa. Bincike mai kyau a kan irin waɗannan ya fi hanyar kowane ejan buɗe ƙofa.

Birtaniya ma haka tsarin yake. Jami'a ce ke ba da takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS, kuma gwamnati na wallafa sunayen masu lasisin bayar da ita a shafin gov.uk. Sayar da ita laifi ne. A Maris ɗin 2025 binciken sashen BBC Africa Eye ya fallasa ejan-ejan da ke sayar wa 'yan Najeriya guraben aikin da babu su.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, ko da yake sayar da gonar gado ko shanun huɗa ba ƙaramin abu ba ne a halin da yankinmu ke ciki. Wanda aka kama da takardar bogi, ko da wani ne ya haɗa masa, Amurka na iya hana shi shiga har abada, Birtaniya kuma shekara 10. Kuma kada ka miƙa wa kowa fasfonka ya riƙe.

Wanda Allah ya ba shi ta halal ma akwai abin lura. In kana aikin gwamnati, ko TETFund ta ɗauki nauyin karatunka da sharaɗin ka dawo ka yi aiki, ka warware wannan a rubuce kafin ka tashi. Bizar H-1B kuma a ɗaure take da jami'ar da ta nema maka. Ranar da aikin ya ƙare, kwana 60 ne mafi yawa a hannunka, ko ka samu wani mai ɗaukar nauyinka, ko ka haɗa kayanka.